Kwamfutar da Pak Wardoyo Ya Ƙara wa Gudu

Duk faɗin birnin Surabaya babu wanda ya san sirrin kwamfuta kamar Pak Wardoyo. Magana ce tabbatacciya, domin daga bakinsa muka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a wani ofis. Da ya yi ritaya sai aka buɗe masa wani babban ilimi, wato yadda ake matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya rubuta a kwalinta. A wurinsa lambar da ke jikin kwali ta matsorata ce. Injiniyoyi dubu sun zauna sun yanke cewa abu kaza iyakarsa kaza, shi kuwa ya hango su daga hawa na uku na kasuwar kwamfuta, ya ga aikin nasu da gyara.

'Yan kasuwar suna kiransa Farfesa. Bai taɓa tambayar wace jami'a suke nufi ba, ya dai amsa, har ya sa aka ɗinka masa sunan a bayan rigar sanyi. Rigar kuwa dole ce, don sanyin da ake saki a hawa na uku har haƙora yake kaɗawa, kuma can Farfesa yake wuni tun daga buɗe ƙofa.

Tsarin aikinsa abin koyi ne. Zai samo ƙwaƙwalwa mai araha, ya ɗora ta a kan babban faranti mai araha, wanda 'yan kasuwa ke ce wa madabod, ya ƙara mata wuta, ya ƙara mata gudu. Da babbar lamba ta bayyana a fuskar kwamfutar sai ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa mabiyansa su ɗari biyu da 'yan kai, ya kashe na'urar. Ba a taɓa jin wata kwamfuta ta mutu a hannunsa ba, kasancewar bai taɓa barin ko ɗaya ta cika minti goma a kunne ba.

To, wannan bawan Allah yana da ƙanwa, Tutik, autarsu. Shekara ashirin ne tsakaninsu, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Tana ƙaunarsa, tana jin nauyinsa, kuma tunda ta yi wayo ba ta taɓa ce masa a'a ba. Sana'arta ɗaukar bidiyon biki, sai dai ƙananan bukukuwa take samu. A unguwarsu duk wani babban biki ta bakin Bu Darsih yake bi, mai yi wa amare kwalliya. Ita ke faɗin wanda zai yi girki, wanda zai kafa rumfa, da wanda zai riƙe kyamara. Bayan shekara uku Tutik tana gaishe ta, sai Bu Darsih ta ba ta gwaji: bikin 'yar wani mai motocin haya. Sharaɗin guda ne. A kwana na biyar, ranar da dangin ango za su karɓi amarya, a nuna fim ɗin a gaban baƙi.

"In ya fito, kin zama tawa," in ji Bu Darsih. "In bai fito ba, ba faɗa. Ina da lambar mutum huɗu."

Tsohuwar kwamfutar Tutik ba za ta iya wannan aiki ba, sai sabuwa, kuma ɗan abin da ta tara ba shi da yawa. Kuskuren da ta yi shi ne faɗin haka a gaban yayanta.

Suka hau hawa na uku, shagon Cik Lian, wata mata da ta shekara ashirin tana sayar da kayan kwamfuta ba tare da an taɓa ɗinka mata suna a riga ba. Ta ji aikin da za a yi, ta sauko da ƙwaƙwalwa madaidaiciya da wani faranti mai ɗan nauyi, an lulluɓe gefensa da ƙarfe mai shan zafi. Farfesa ya dubi kayan yadda likita ke duban maganin gargajiya.

"Cik, ki mayar. Dik Tutik, ƙanwata, saurara ki ƙaru. Faranti ba ya tunani, zama kawai ake yi a kansa. Wannan ƙarfen da kike gani ado ne, an manna shi don a cuci mata da malaman makaranta. Mu da muka san ciki, mai araha muke ɗauka, mu sa shi ya yi abin da mai tsada yake jin kunyar yi. Kamfani ya ce gudun wannan ƙwaƙwalwa uku da ɗigo shida ne. Ni Wardoyo na ce huɗu da ɗigo shida. Ki zaɓi wanda za ki yarda da shi, kamfanin da bai san sunanki ba ko wanda ya kai ki makaranta a keke."

Cik Lian ta ce, "Farfesa, ita fa awa uku za ta bar ta tana aiki, ba hoto za ta ɗauka ba. Wannan farantin naka gefensa tsirara yake."

"Tsirara yake don ya sha iska," in ji Farfesa.

Tutik ta zaɓi wanda ya kai ta makaranta a keke. Abin da ya ragu daga kuɗin farantin bai salwanta ba, Farfesa ya saya mata fanka mai fitilu kala bakwai. Nan take ya haɗa na'urar a kan kantar Cik Lian, cikin sanyin nan mai kaɗa haƙora. Huɗu da ɗigo shida ta bayyana. Ya ɗauki hoto, ya tura, mabiya suka yi ta jinjina, ya kashe.

Aka yi biki, Tutik ta ɗauka, ta dawo ɗakinta na sama, wanda rufin kwano ne, kuma da azahar ko ƙadangare ba ya leƙa shi. Kwana biyu ta yi tana yankawa tana jerawa. A rana ta uku ta danna wa kwamfutar ta fitar da fim ɗin gaba ɗaya. Fitilu kala bakwai suka yi ta juyawa gwanin sha'awa. Aiki ya kai kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ta sake kunnawa, ta sake dannawa. Wannan karon a saba'in da huɗu ta tsaya.

Farfesa ya zo da kansa. Ya hau benen yana haki, ya tsaya a kan na'urar, hannu a baya irin na masu ilimi.

"Wutar unguwar nan ce," ya ce. "Ba ta da tarbiyya. Sannan kayan amaryar nan sun cika ƙyalli, zinariya nauyi gare ta a cikin na'ura, wannan sai wanda ya yi zurfi yake saninsa. Abin da take nema ƙarin wuta ne. Doki in ya tsaya ba sauka ake yi ba, Dik, dawa ake ƙara masa."

Ya ƙara mata wuta. Ta mutu a arba'in.

Rana ta huɗu ya zo da sabon ilimi. Ya cire murfin gefe, ya kafa fankar ɗaki a bakinta, ya aika aka sayo ƙanƙara wurin mai shayi aka zuba a kwanon silba a gaban fankar. Bayan rabin awa raɓa ta fara tsattsafowa a jikin ƙarfen, Tutik tana gogewa da gefen mayafinta. Farfesa ya ce alama ce mai kyau, na'urar ta fara gumi, cutar tana fita. Ta mutu a sittin da biyu, ya rubuta hakan a littafinsa a matsayin ci gaba.

Da la'asar saƙon Bu Darsih ya shigo: "Gobe ƙarfe huɗu." Tutik ta karanta, ta zauna a bakin gado. Tsoro ya kama ta sosai. Shekara uku tana bin matar nan da gaisuwa, ga shi abin zai zube a kan wata lamba da ba ita ta nema ba. Ta dubi yayanta, gashinsa ya yi furfura, yana tsugune yana wa na'urar magana a hankali. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji.

Da safiyar rana ta biyar Farfesa ya tafi kasuwa neman shawara, wato ba da ita. Yana fita Tutik ta kira Cik Lian.

"Kashe ta, ki zare wayar wuta," in ji Cik Lian. "Leƙa farantin. Kin ga wani ɗan batir fari, kamar maɓallin riga?"

"Na gani, Cik."

"Cire shi. Ƙirga goma, ki mayar."

"Shi ke nan?"

"Me kike so kuma, a yanka akuya? Shi ke riƙe mata duk abin da aka saita. In kin cire, za ta koma yadda ta fito daga kwali. Ki zubar da ƙanƙarar nan kuma, ba kifi kike sayarwa ba."

Tutik ta cire, ta ƙirga, ta mayar. Kwamfutar ta tashi a uku da ɗigo shida, lambar matsorata. Ta kama aiki a hankali, ba gaggawa, ta wuce arba'in, ta wuce tamanin da ɗaya ko waiwaye ba ta yi ba. Cikin awa uku da minti goma ta gama. Tutik ta hau babur da fim ɗin a jaka, ta isa gidan ango ana jera kujeru.

An tare layin da rumfa, an kafa babban talabijin. Amarya ta bayyana a ciki da ƙyallinta duka, ba tare da na'ura ta ji nauyin zinariya ba. Uwar ango ta yi hawaye. Bu Darsih ba ta yabi kowa ba, ba halinta ba ne, ta dai matso kusa da Tutik ta ce, "Asabar ta sama kina da aiki?"

Pak Wardoyo ma ya halarta, duk da ba a tuna an gayyace shi ba. Ya sami teburin manyan maza, ya ajiye farantin shinkafarsa, ya nuna talabijin da cokali.

"Kun ga wannan? Ba kyamara ba ce, ba kuma hannun yarinya ba ne. Huɗu da ɗigo shida ke nan. Kwana uku na yi ina kokawa da na'urar nan, kamfani yana cewa ba zai yiwu ba, mai shago tana cewa ba zai yiwu ba. Jiya na yi mata saitin ƙarshe, na ce a bar ta ta kwana da shi. Ga sakamako. Duk mai son ya haɗa kwamfuta mai araha, kada ya je wurin 'yan kasuwa, ya zo wurina." Wani kawun ango har ya fara laluben wayarsa don ya karɓi lamba. Farfesa ya hango ƙanwarsa, ya yafito ta. "Dik, zo ki faɗa wa iyayenki da bakinki. Saitina na jiya ne ya yi aiki ko ba shi ba ne?"

Tutik ta tsaya. Bu Darsih tana gefenta, kawun ango ya ɗago waya yana jira, kuma ta san duk abin da ta faɗa, da shi mutumin zai je kasuwa. Tunda aka haife ta ba ta taɓa gyara wa yayanta magana ba, ko a cikin ɗaki. Ta rusuna kaɗan, ta yi ƙasa da murya, amma teburin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Ba shi ba ne, Mas, yayana. Batir na cire mata."

"Kika cire? To saitina fa?"

"Na ƙirga goma ne kawai, Mas. Kafin in kai goma ta manta da kai."

Kawun ango ya mayar da wayarsa aljihu, ya jawo farantin shinkafarsa.