Mataki na Bakwai da Ban Rubuta Ba

Ranar Laraba, ƙarfe tara daidai, a fadamar Bangi, akwai ni da mai gari da manoma sababbin iya karatu, masu ce mini Mushe, wato malam. Na raba musu takardata ta koyon huɗa da shanu: mataki shida a jere, na gyara ta sau huɗu. Na ce mai bin ta ba ya kuskure.

Ɗan Jimma, ɗaya daga cikin manoman, ya bi ta tiryan-tiryan. Shanu suka miƙe, suka ƙetare iyaka, suka faɗa albasar mai gari.

Ɗan Jimma ya waiwayo ya ce, "Mushe, ina layin tsaida su?"

Na duba sama da ƙasa. Babu.

Har yau, in na ja magana a taro, sai wani ya ce, "Ku yi haƙuri, Mushe bai san tsaidawa ba."

Duk mai takardar nan, don Allah ya ƙara na bakwai da hannunsa.