Sunan da Na'urar Munzali Ta Danne

"Amarya, an tashi lafiya? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, sai dai kunnena da ka cuta."

Hajiya Delu ke nan, tun ba ta gama cire takalmi ba a ƙofar ɗan situdiyon jikanta Munzali da ke unguwar New Bell a Douala. Ɗaki ne kamar akurki, an manne bangonsa da soso. A makon jiya ta zo nan ta buga ƙwarya, ta rera waƙar da ke jero mutanen gidansu tun daga waɗanda suka fara sauka Douala. Muryarta ta soma gajiya, kuma duk dangi ba wanda ya haddace waƙar sai ita. Jiya ya tura mata waƙar a waya, yau ga ta da hantsi, fuska ba walwala.

"Wane kunne?" in ji Munzali. "Wanda ba ya jin sallama sai ƙarar buɗe tukunya?"

"Ja'iri. Mijin da ko ɗankwalin kasuwar Marché Congo bai taɓa saya mini ba. Sata ka yi mini a waƙa."

"Me zan sata? Ranar ko haƙora ba ki zo da su ba."

"Bayan bugun ƙarshe, mai ƙarfin nan, akwai abin da na faɗa. Na saurara sau bakwai, babu shi."

"Me kika faɗa?"

Ta gyara mayafi ta kama kallon fanka. "Kai ne mai na'ura, ka nemo."

Nan dariyar Munzali ta tsaya. Delu mutuniyar da ce. Shekara hamsin da biyu tana gidan kakansa, shekara shida ke nan da rasuwarsa, ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Malam" take cewa, in ta matsu ta ce "shi". Sai ya gane sunan nan ne ta ambata a ƙarshen waƙar.

Ya kunna wurin sau biyu, sannan ya nuna mata allon kwamfuta. "Kin ga wannan? Kwamfuresa. In kin daki ƙwarya da ƙarfi, sai ya danne sautin don kada ya fasa wa mutane kunne. In ya danne, akwai lokacin da yake ɗauka kafin ya saki, shi muke kira rilis. Na sa shi dogo, kusan daƙiƙa guda, don waƙar ta kwanta. Ke kuma kin yi magana ƙasa-ƙasa tun bai saki ba."

"Ashe mai riƙo ne irinka. Marin da na yi maka kana ɗan shekara biyar har yau ba ka huce ba."

"To ki sake faɗa in ɗauka sabo. Une minute, minti ɗaya kawai."

"Sau nawa aka haife ka? Na faɗa, ba na ƙarawa."

Ya ga da gaske take. Sai ya ja rilis ɗin ƙasa gaba ɗaya ya kunna. Bayan kowane bugu sai duk wani ƙaramin sauti ya yi tsalle ya taso: fanka, hon ɗin bensikin, wato baburan haya, a titi, da wani huci mai nauyi. Sunan ya leƙo a tsakiyar hayaniyar, a dagule.

"Hucin wace ce wannan kamar zugazugin maƙera?"

"Naki ne, madame."

"Ƙarya kake, na injin niƙan maƙwabta ne. Ɗazu ka binne shi, yanzu ka jefa mini shi tsakiyar titi. Garaje ba ƙarfi ba ne, yaro."

"To tsohuwa, ke da kika san komai, nawa zan sa?"

"Ni na san lambarku? Tsakanin hannuna da bakina numfashi ɗaya ne, gajere. Ka auna da shi."

Ta fara bugun cinyarta a hankali, tana motsa leɓe ba sauti. Munzali ya daina kallon lamba, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana bin hannunta da ido. Fankar ta koma baya, titin ya yi nisa. Ƙwarya ta ce dum, ta lafa, sai ga wata siririyar murya ta fito tsaf: "Abdulsalami na Delu."

Tausayinta ya kama Munzali, amma ya san in ya nuna, sanda zai sha.

"Wane ne wannan da ya riga ni?" ya ce da ƙyar.

"Wanda ya fi ka kyau, ya fi ka hankali, kuma shi yana sayen ɗankwali."

Ta goge ido da gefen mayafi tana dariya. Sannan ta kwance bakin zani ta fiddo farin goro guda, ta ajiye masa kusa da kwamfutar.

"Na sallama, ka iya. Shekara hamsin da takwas ina riƙe da sunan nan kafin in sake shi. Kada ka bar ƙarfen nan ya ƙara riƙe mini shi."

Ta jawo kujera kusa da sifika ta zauna.

"Mayar da shi baya. Daga bugun."