Ranar da Muka Kai Amarya Gwangwan Cikin Yadin Soja

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hindatu ba, ko na so in manta mutanen Gwangwan ba za su bar ni ba. Hindatu 'yar yayata ce, a hannuna ta girma. Da aka sa ranar aurenta da wani malamin firamare na can, sai matan gidanmu a Karaye suka ce ni zan zaɓo anko, wai tunda ina zuwa ajin yaƙi da jahilci idona ya buɗe. (Alhali a lokacin in zan rubuta sunana sai na ciji leɓe kamar mai naƙuda.)

Zamanin mulkin soja ne, atamfa ta yi tsada. Ranar kasuwa na zaga har ƙafata ta gaji, sai wani mai yadi ya jawo wani bandir daga ƙarƙashin tebur. Kore ne da baƙi da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare, kamar inuwar mangwaro da rana tsaka.

"Hajiya, wannan ake yayi a Kano," in ji shi. "Ga ƙarko, ga ɓoye dauɗa. Ko miyar kuka ta zube miki ba mai gani."

To uwar 'ya'ya ta ji an ce yadi yana ɓoye dauɗa, ai magana ta ƙare. Ni sojan da na sani shi ne na jikin kalanda, mai kaki kore shar. Ban taɓa leƙa gidan kallon bidiyo ba, balle in san irin wannan yadin ne jaruman fim ɗin yaƙi suke sawa. Tela ya ɗinka mana riga da zane da ɗankwali yana ta murmushi. Na ɗauka daɗin ciniki ne.

Ranar kai amarya aka ɗauko a-kori-kura. Amarya da Goggo Laraba, yayar mahaifinta, suka zauna gaba. Mu kuwa muna baya a tsaye, don kayan ɗaki sun cinye wuri. Iska ta dame mu, sai muka yi ɗamara da mayafai, muka ɗaure ɗankwali tamau. Wannan ta saɓa taɓarya a kafaɗa, waccan ta rungumi naɗaɗɗiyar tabarma, ni kuma sabuwar muciya ce a hannuna.

Abin da ba mu sani ba, da farkon damina mutanen unguwar ango sun yi rigima da masu rabon takin zamani, har aka fasa gilashin mota. Tun daga nan ake raɗe-raɗin za a turo musu soja.

Da la'asar muka doshi gari, muna jin kalangu daga nesa. Sai muka ji wani ya kwarma ihu, kiɗa ya ɗauke ɗif. Ko da muka tsaya a ƙofar gidan ango, ba kowa. Ga kalangu a yashe, ga takalma warwatse, ga tukunyar shinkafa tana tafasa ita kaɗai. Muka rangaɗa guɗa. Akuya ce kawai ta amsa.

Goggo Laraba ta sauko tana huci. "Mu za a wulaƙanta? A kawo musu 'ya, ba mai tarba, ba ko ruwan sha? Direba, juya! Wallahi in na koma da ita, sai dai su nemi wata."

Kowa ya san Goggo ba ta rantsuwa ta janye. Hindatu, wadda tun daga gida take kukan al'ada, sai ta koma na gaske. Ta kamo hannuna ta taga.

"Inna, don Allah ki yi wani abu."

Na ce, "Goggo, a yi haƙuri, bari in duba." Na bi sawun takalma har cikin gonar dawa da ke bayan gida. Ni dama ba mai ƙarfin tafiya ba ce, ga dawa ta fi ni tsawo, ga yadin nan ya saje da ganye. Ashe na wuce mutane da yawa a kwance, ba wanda ya gan ni.

Can tsakiya na tarar da Alhaji Mamman, mahaifin ango, a tsugune cikin sabuwar malum-malum. Dattijo ne mai furfura, sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da suka kawo kayan sa rana, ko ido ban iya haɗawa da shi ba. Na tsaya a bayansa, na yi sallama a hankali.

Bai ɗago ba. Gefen zanena kawai ya gani, ya ɗaga hannu sama.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba ni na jefi motar ba! Ni dutsen kawai na miƙa!"

Na yi tsaye riƙe da muciya. Shi kuma da ya ji shiru, sai ya ɗauka hukunci ake jira. Ya kama kunnuwansa, ya fara tsallen kwaɗo tsakanin kunyoyi, babbar riga tana jan ƙasa. Surukinmu fa! Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Da na rasa abin yi, sai na yi abin da aka koya mini tun ina yarinya: na durƙusa.

"Baba Alhaji, ina wuni? Mu ne, 'yan kawo amarya."

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi muciyar. Ga shi a tsugune, ga ni a durƙushe. Can sai ya ce, hannunsa har yanzu a kunne:

"Lafiya lau. Ya hanya?"

Sai dawa ta fara motsi ta ko'ina, kawuna suna ɓullowa. Ashe rabin gari sun kalla. Wani saurayi ya faɗi yana riƙe ciki. "Kun ga yadda ta ɓullo masa ta baya? Wallahi sak na cikin fim! Kwamanda ke nan!"

Ango kuwa daga cikin rumbu aka zaro shi, farar shaddarsa duk ƙaiƙayi.

Goggo Laraba tana nan ta harɗe hannu, direba ya riga ya juya kan mota. Uwar ango ta zo da ƙwaryar fura, ta ba da labari tiryan-tiryan. Goggo ta cije, ta cije, da aka zo kan tsallen kwaɗo sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Ku shigar da ita," in ji ta. "Hindatu, kin samu gida. Nan ba mai ɗaga miki murya."

Da aron zane muka ci shinkafar bikin.

Sai da babban ɗana ya dawo hutu daga makarantar kwana ya yi mini bayani, wai an zana yadin ne don mutum ya ɓace a daji, abokin gaba ya kasa ganinsa. Yanzu Hindatu har ta aurar da 'ya, amma in na sauka a Gwangwan, jikokina ma sara mini suke yi. Alhaji Mamman kuwa, Allah Ya ji ƙansa, har ya bar duniya in ya hango ni sai ya tuna yana da uzuri a masallaci.

Tun daga ranar, in mai kaya ya ce mini abu ana yayinsa a birni, nakan fara tambayarsa: su wa ke sawa, kuma in sun sa, mutane tarbarsu suke yi ko gudu?