Hancin Gwamnati da Rijiyar Ngong

Garuwa ta Kamaru ba ta taɓa samun masani irin Mushe Théodore ba (Mushe shi ne "Malam" a Faransanci), shi da kansa ma ya sha tabbatar da haka. Wata guda ya yi yana riƙe wa wani Bature masanin duwatsu kwalabe, ya fito da tabarau, da farar riga, da laƙabin Hancin Gwamnati. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ofishinsu, wadda za a cike bana.

Ana nan sai wata rijiya a Ngong ta soma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baturen ya ce farar wuta ce a ruwan, kuma iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. In aka auna yawan kowace a Faransa, za a gane asalinta. Ya aiki Mushe da umarni ɗaya: cika kwalba, toshe, kada a buɗe.

To, Mushe ba marowacin ilimi ba ne. Duk ƙauyen da mota ta tsaya sai ya cire marfi.

"Ku matso, jama'a, ku shaƙa! Mu a kimiyya izotof muke ce wa wannan."

Kafin a iso Garuwa wari ya gudu. Mai kishin ƙasa kuwa ba ya aika salamtaccen ruwa Faransa da sunan Kamaru. Ya bi ta rumfar Halime mai maganin ƙazuwa, ya sayi farar wuta, ya dake, ya zuba.

Bayan wata biyu amsa ta zo: farar wutar ta dutse mai aman wuta ce. Mushe ya tara manyan gari a bakin kasuwa, Baturen yana gefe.

"Ni, Théodore, na gano dutse mai aman wuta a ƙarƙashin Ngong! Hancina ya riga na'urar Faransa sani."

Halime ta leƙo daga rumfa.

"Mushe, in tonawa za a yi, a fara da nan. Buhun da na ɗebar maka bai ƙare ba. Ƙazuwar taka ta yi sauƙi?"

Baturen ya duƙa ya karanta jikin buhun: daga Italiya, ƙasar duwatsu masu aman wuta.

Alphonse, magatakardan ofis, aka ba kujerar. Ba a manta da Mushe ba, an mayar masa da kwalabensa. Wankewa yake yi, don an lura ya iya buɗe marfi.