Ni da Danjuma Sai Dai Gaisuwa

Ranar da tirela ta sauke mini motar lantarki a Jalingo, zama ya gagare ni. Direban ya ce, "Oga, batirin ya yi ƙasa, ka bari ta sha caji tukuna." Ina! Ni da Mama ke jira a Sunkani ta sa wa mota albarka?

A mashigar garin har na tsaya wurin Danjuma, ɗan bumburutun da na saba sayen fetur a hannunsa. Na sauke gilashi na ce, "Danjuma, daga yau ni da kai sai dai gaisuwa."

Mama na gama addu'a, yaran unguwa suka cika mota a zaga da su. Na danna, ta ƙi motsi. Garin babu wuta. Maƙwabci ya kawo janareta, babu ko ɗigon mai a ciki.

Haka na rungumi jarka, na taka da ƙafa. Danjuma bai yi dariya ba. Ya cika ta, ya miƙo da hannu biyu.

Har yau in zan wuce sai ya ɗaga mazurari: "Oga Lantarki! Gaisuwa ce, ko a zuba?"