Rasuwar Mai Gurnani, Tayar Gaba ta Hannun Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni da iyalina muke sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da tsofaffin abokan tuƙi da suka rage a raye, rasuwar tayar motarmu ta gaba, ta hannun dama, wadda gidanmu ya sani da Mai Gurnani. Ta cika ne da hantsi, a tsakiyar kwalta, a kan hanyar asibiti, tana bakin aikinta.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Da baki na faɗa, 'yata ta rubuta, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne tare da 'yan'uwanta uku, shekarar da na ajiye tuƙin babbar mota na sayi jif ta iyali. Ni na zaɓe su da hannuna. Mai shago ya nuna mini masu laushi, na kwalta, na ce masa, ka san da wa kake magana kuwa? Ni ne mota ta kife da ni a cikin rafi na fito da hulata a kai. Ni ne birki ya tsinke mini a gangaren dutse, kaya har sama, na sauke motar da giya kaɗai, jama'a suna ta salati. Waɗanda muka fara tuƙi tare yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu a hanya, wasu a gado. Irina ba ya hawa taya mai santsi kamar tafin jariri. Na ce a ba ni masu manyan zane, na daji, waɗanda yatsa ke nutsewa a cikinsu.

Ta rayu cikin mutunci. Ba ta taɓa kwana a wurin mai faci ba. Ƙusa ta taɓa shiga jikinta, ta kawo mu har gida ba ta yi ƙorafi ba. Gaskiya ne daji bai samu ganinta ba. Rayuwarta ta ƙare ne tsakanin kasuwa, makarantar jikoki da asibiti, lakar da ta sani kuwa ita ce ta bakin famfon ƙofar gida. Amma a shirye take. Duk wanda ya kalle ta ya san da za a ce yau a tashi a shiga jeji, ba ita za ta ba da kunya ba.

Muryarta ce ba za mu manta ba. In na tashi a hankali sai ta ce gurrr, in na taka mai sai ta koma wuuu, har gilashi ya riƙa amsa mata. Mai shagon layinmu yakan ce tun kafin in danna hon ya san ni ne.

Ni ma ban ci amanarta ba. Ban taɓa barin wani ya sa mata ma'aunin iska ba, shuri ɗaya nake mata da ƙafa in san abin da take buƙata. Duk ranar wankin mota kuma sai in tsoma tsumma a baƙin man da aka juye daga inji, in shafe gefenta har ta riƙa ɗaukar ido. A layin nan babu tayar da ta kai ta sheƙi.

Ciwon ajalinta ya fara ne da 'yan tsage-tsage a gefe, kamar faso a dunduniya. Na ƙara mata mai. Ranar da abin zai faru, na ɗauko uwar yara zan kai ta wankin ƙoda, tana kujerar baya inda ta saba zama don ta samu wurin kishingiɗa. Muna cikin tafiya sai na ji tau! Sai fuuu. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe. Motar ta fizge ta yi dama, ta nufi turken wuta. Na riƙe sitiyari da hannuwan nan nawa, na tsayar da ita saura ƙiris. Da wani direban ne, da yau ba takardar taya kuke karantawa ba.

Sai dai uwar yara ta bugi goshinta da bayan kujera, wurin ya kumbura. Na ɗauko sifana zan kwance tayar, notuka suka ƙi motsi. Na hau da ƙafa, na sauko, na sake hawa. Laifin masu ɗaure noti da inji ne. Ina nan ina haki aka tsayar mata da tasi, ta tafi ita kaɗai, ta tarar an ba wani gadonta, ta zauna jira a benci har yamma.

Mai faci ya duba gawar, ya matsa gefenta da babban yatsa, ya ce, “Baba Direba, zanen nan ko rabi bai ci ba, amma robar ta daɗe da mutuwa. Tsufa ne, da rana, da man nan da kake shafa mata. Sauran ukun ma suna kan hanya.” Na ce masa tun yana goye nake shafa wa taya mai. Ya ce, “To, Allah ya ba da haƙuri.” Na karɓi gaisuwar, ban karɓi bayanin ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan'uwa uku, duk suna jinya, da safaya ɗaya a bayan mota wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da ni.

Ba zan ɓoye wa jama'a ba, tun ranar gidan nan bai zauna lafiya ba. Babban ɗana ya same ni ya durƙusa, ya ce, “Baba, motar nan kwalta take bi. A sa mata tayar kwalta. Ta fi kama hanya in an yi ruwa, ba ta jawo shan mai, ba ta jijjiga Mama.” Na ce ko irin na da, ko babu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Makullin ma, Baba, da ka bar shi a hannuna. Ranar asibiti ni zan riƙa kai ku.” Na tashi na bar masa tabarmar. Tun da ciwon nan ya kama uwar yara, babu wanda ya taɓa kai ta sai ni.

Motar ta zauna a kan bulo. Uwar yara ta koma hawa tasi, tana dawowa a galabaice, ana riƙe ta kafin ta shiga ɗaki. Da na ga abin ya ishe ni, na shiga na zauna a bakin gadonta na ce, ke ki raba mana gardamar nan, wace taya kike so? Ta ce, “Malam, ni ina ruwana da taya? In an gama wankin nan jiri nake ji, ga kujera fetal, babu kafaɗar da zan jingina. Na gaji da kallon ƙeyarka.” Na ce ƙeyar ce ta kawo ki da rai. Ta ce, “Na sani. Yanzu kafaɗar nake so.”

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a cire 'yan'uwanta uku rana ɗaya, a sallame su cikin girma. Ita marigayiyar ba za a ƙone ta ba, ba kuma za a ba masu yanka takalmi ba. Za a binne ta rabi a ƙofar gida, zanenta yana sama, don masu wucewa su ga irin tayar da ake yi a da. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin da ke gefenta. A zo da haƙuri, kada a zo da shawara.

Za a sa wa motar masu laushi, na kwalta, duka huɗu. Ni na ba da umarni. Makulli kuma ba ƙwace shi aka yi ba, ni na miƙa shi da hannuna, a rubuta wannan da kyau.

Ranar asibiti mai zuwa motar za ta fito. Duk wanda ya hango ni a kujerar baya, ina roƙonsa don Allah ya kau da kai, kada ya ɗaga mini hannu.