Ranar da na wanke gwajin Gwaggo da sabulu

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti ba, ko da kuwa na so in manta. Daga Funtua na zo koyon aiki, ina ji da kaina kamar ni na gina wurin. A gidanmu tun ina ƙarama ake tsintar auduga, kuma ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya yi ruwan ƙasa a cikin fari datti ne, a fitar da shi.

Ni na matsa wa Gwaggo Lami, ƙanwar babana da ke Maska, ta yi gwajin sankarar bakin mahaifa. Aka ga abin da ba a gamsu da shi ba, aka tsakuro ɗan nama aka turo wurinmu. Sai da ta sha kuka kafin ta yarda, ta kuma rantse ba za a sake taɓa ta ba. Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, ai ina wurin." (Ina wurin fa! Ni da aikina wanke kwalabe.)

Ran nan da safe na tarar an jera ƙananan gilasan da ake shimfiɗa naman a kai, suna shan iska. Ɗaya, mai ɗauke da sunan Gwaggo, ya yi dabbare-dabbare da ruwan ƙasa kamar an tofa masa goro. Na ce a raina, ga digiri ga ƙazanta! Na sa soso da sabulu na dirje shi tas.

Sai ga likitar da ke duba gwajin ta shigo. "Ina gilashin Lami?"

"Ranki ya daɗe, datti ya yi, na wanke."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Allah Ya taimake ni akwai ragowar naman a daskare cikin kaki irin na kyandir. Aka sake yankawa, aka sake rinawa. Bayan kwana biyu likitar ta zaunar da ni gaban madubinta mai girmama ƙananan abubuwa.

"Duba dattinki," in ji ta. "In ƙwayar cutar HPV, mai jawo wannan sankarar, ta yi kaka-gida, ƙwayoyin gadonta kan ɗaure masu gadin da ke hana ƙwayar jiki hayayyafa barkatai. Ita kuma ƙwayar jikin sai ta yi ta zubo wani furotin, p16. Shi rinin da muke zuba wa naman ke kamawa, ya yi ruwan ƙasa. Kururuwa ce take yi, tun kafin matar ta ji ciwo."

Na leƙa. Subhanallah! Ɗaruruwan ƙwayoyi sahu-sahu, kowace da ɗakinta, wasu shuɗi-shuɗi lafiya lau, wasu sun rine. Ashe jikin Gwaggo ya daɗe yana neman agaji, ni kuwa na bi shi da soso.

Abin bai kai ga sankara ba tukuna. Likitar da kanta ta lallashi Gwaggo, aka cire wurin, ta koma gonarta.

Har yau tana bin gidajen biki tana cewa, "'Yar wana ce ta gano cutar, kanta na ja!" Ni dai sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne. Yanzu ko ƙuda na gani a kan gilashi, sai na tambayi likita kafin in kore shi.